Ƙofofin da Injiniya Ta Ɗaure

A dogon benen nan babu mai kiranta da sunan da aka raɗa mata, Injiniya ake ce mata. Kawunta ne ya fara, ranar da ta kwance masa fanka don ta gyara, ta mayar ta haɗa, aka samu ragowar notuna a faranti, fankar kuma ta koma juyawa da baya. Shi da gatse ya faɗa. Ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu, don a ganinta an daɗe ma ba a gane ta ba.

Ainihin sana'arta ɗinki ce. Kekenta yana falo jikin taga, a hawa na tara inda suke zaune ita da Inna. Makaranta ta tsaya mata a inda ta tsaya, sauran ilimin duk a waya ta kwaso shi. Sai dai ba ta taɓa kallon bidiyo har ƙarshe ba. Da mai bayani ya kai rabi sai ta ji ta gane, har ma ta ɗan fi shi ganewa, ta wuce na gaba. Da haka ta san rabin yadda ake tuƙa jirgin sama, da rabin yadda ake cire haƙori.

Inna na da asma, ga ciwon gwiwa. Tun da suka tare a gidan ba ta taɓa taka matakala ba, lif ce ƙafarta. In lif ta lalace Inna ta zama 'yar sama ke nan sai ranar da aka gyara. In ƙirjin ya tashi kuwa wani ɗan fito yake yi siriri, wanda Injiniya ke jiyowa ko da keke na gudu, ta tsayar da ɗinki ta miƙe ba tare da an kira ta ba.

A kowane hawa akwai wata ƙofa mai nauyi tsakanin matakala da dogon barandan da gidajen mutane ke jere. An sa mata ƙarfe a sama da ke jawo ta ta rufe da kanta. Mutanen benen sun tsani ƙofofin nan. Ka buɗe wa babba, kafin ya gama amsa gaisuwa ta rufe masa a fuska. Mace ta hauro da kaya a hannu da goyo a baya, sai dai ta tura da ƙugu. Inna ma da ba ta bi ta wurin cewa take ƙofar da ke rufe kanta ba ta da tarbiyya, ita a gidansu ko dare ya yi sai an tambaya ko kowa ya shigo.

Ana haka Injiniya ta ci karo da wani bidiyo kan yadda iska ke yawo a dogayen gine-gine. Mai bayanin ya zana bene, ya ce matakala kamar bututu take, iska mai zafi tana shiga ta ƙasa, ta haura sama, tana jawo wata a bayanta. Ya zana kibiyoyi ja suna hawa. Daga nan ya gyara tabarau ya ce "amma", ita kuma ta kashe, don ba ta son mai ilimi yana kame-kame. Abin da take nema ta riga ta samu: in aka bar ƙofofin a buɗe iska za ta riƙa ratsa benen, ƙirjin Inna ya huta.

Ta kai maganar gaban kwamitin gida. Kwamitin mutum uku ne, biyu ba sa zuwa, saura Ciyaman, wani dattijo da ke zaune a ƙarshen barandarsu. Ya yi ritaya daga wani ofis tun tuni amma har yanzu labarin bai iso masa ba. Ba ya cewa "ni", sai "mu". Injiniya ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani, ta sa kalmar "zagayawar iska" a duk inda ta samu gurbi. Ciyaman ya lumshe ido ya ce dama kwamiti ya jima yana nazari a kan wannan. Kafin ta miƙe ya naɗa ta mai ba da shawara kan harkokin iska.

Ba ta yi aikin a wulaƙance ba. Dutse ko guntun katako ai na marasa ilimi ne. Ta tattara ragowar ƙyallayen ɗinki ta kitsa su igiya-igiya, kowane hawa da launinsa, ta bi benen tun daga ƙasa har sama tana ɗaure hannun kowace ƙofa a jikin ƙarfen matakala. Ƙullin ma ba na kowa ba ne, na masu jirgin ruwa ne, wanda in aka ja shi ƙara tamkewa yake yi.

Iska kuwa ta zagaya, ba a yi mata ƙarya ba. 'Yan hawa na tara suka fara sanin ranar da albasar 'yan hawa na biyu ta ƙone, da malamin makarantar da ya rantse ya bar sigari. Inna ta ce ƙirjinta ya yi sauƙi. Ko ya yi ko don ta faranta wa 'yarta ne, ba a bincika ba.

Wata rana da hantsi Injiniya na kan keke tana kafa hannun riga, fanka ta tsaya, firji ya yi shiru. Ta yi tsaki ta ci gaba da taka keken. Can sai ƙauri ya shigo. Inna daga kan kujera ta ce wata ta bar tukunya ta tafi hira. Amma ba ƙaurin girki ba ne, wannan yana kama maƙogwaro kamar an ƙona roba. Ta leƙa taga. A ƙasan benen akwai shagon katifa, kuma daga bakinsa wani baƙin abu ke tuttuɗowa yana bin bango. Mutane sun cika titi suna nuna sama da hannu.

"Inna, wuta ce."

"Wace wuta kuma? Ba yanzu aka ɗauke ta ba?"

"Ba irin wannan ba. Gobara. Shagon katifa."

Inna ta yi salati, ta duba gwiwoyinta, ta duba ƙofa. Dukansu sun san lif ta tafi tare da wutar farko.

Injiniya ta fita a guje don ta ga ko matakala za ta biyu, ko da goyo ne. Tana isa bakin ƙofar da ta ɗaure da igiya ruwan hoda ta tsaya. Hayaƙin ya riga ta zuwa. Hawa yake yi ta tsakiyar matakalar, baƙi ƙirin, da saurin wanda ya san hanya, duk ƙofar da ya tarar a buɗe sai ya raba wani ya shiga. Nasu rabon yana shigowa ta saman ƙofar, ya kwanta a jikin silin ɗin baranda kamar bargo, yana miƙewa yana ƙara kauri. Ƙasa-ƙasa ana jin tari da ƙarar takalma, 'yan hawa na biyu da na uku suna fita. Sama kuwa ko hasken taga ba a gani.

Zanen mutumin ne sak, har da inda kibiyoyin suka bi. Abin da ya fara zo mata a rai, kuma ba za ta taɓa gaya wa kowa ba, wani ɗan jin daɗi ne cewa lissafinta ya fita daidai. Sai bayan nan ta gane abin da ke bayan "amma".

Ta kama ƙullin. Ta ja, ya ƙara tamkewa, kamar yadda aka yi alkawari. Ta sa farce, ta sa haƙori. Bidiyon masu jirgin ruwan yana da kashi na biyu, na kwancewa. Idonta ya fara zubar da ruwa, ta koma da gudu ta suri almakashinta a kan keke, Inna na tambaya ko ɗinki za ta yi a wannan hali. Ta dawo a duƙe, don yanzu bargon ya sauko daidai kan mutum mai tsayi, ta datse igiyar. Ƙofar ta fara rufuwa a hankali, cikin natsuwa, kamar ba ita aka ɗaure wata da watanni ba. Injiniya ta sa kafaɗa ta taimaka mata. Ta tuna sauran ƙofofin, kowace da launinta, ta duba almakashin, ta duba ƙofar da ta rufe. Babu mai shiga can ya fito.

Da ta juyo sai ta hango ƙofar gidansu a wangale. Ciyaman ne tsaye a bakinta da babbar riga, ya rungume 'yar tukunyar kashe gobara ta kwamiti kamar jariri, yana gaisawa da Inna. Ya tambayi gwiwa, Inna ta ce da sauƙi. Ya tambayi ƙirji, ta ce an gode Allah. Ta tambayi iyali, ya ce sun je unguwa tun safe. Hayaƙi kuma yana bi ta saman hularsa yana shiga falo, shi ma bai tsaya sallama ba.

Ciyaman ya ga Injiniya ya ce yawwa, dama kwamiti ya yanke shawarar kowa ya sauka ta matakala, a bi girma, manya a gaba. Ta ce masa matakala ba ta biyuwa. Ya ce to a hau rufin bene. Ta ce can hayaƙin ya nufa, zai riga su. Ya ce kwamiti zai duba wannan. Duk a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

Ba a rufe wa babba ƙofa yana magana. Ba a kuma cewa ya shigo da sauri kamar ana kiran akuya. Injiniya ta auna biyun ta ga babu mai kyau, sai ta yi na uku: ta damƙi hannun babbar rigar ta finciko shi ciki, ta banka ƙofar da ƙafa. Hular ta tsaya a waje.

"Ke," in ji Inna, a hankali, irin a hankalin da ya fi tsawa.

"Anjima, Inna. Baba, ajiye wannan, riƙe bokiti."

Bai ajiye ba, ya ce kayan kwamiti ne kuma ba a ɓalle hatiminsa sai da izini. Amma ya riƙe bokitin da ɗaya hannun. Ta tsoma tawul ta cusa a ƙarƙashin ƙofa, ta kwaso ƙyallaye ta jiƙa ta bi gefe-gefe tana turawa da bakin almakashi, har ramin makulli. Atamfar wata amarya da aka kawo ɗinki ma ta shiga ruwa. Duk da haka ƙaurin bai ragu ba. Ta tsaya tana shinshinawa kamar mai neman ɓeran da ya mutu, sai ta tuna wata hanyar da warin sigarin malamin makaranta ke zuwa musu: wata 'yar taga mai raga a saman banɗaki, wadda ke haɗe da ramin da bututan ruwa suka bi tun daga ƙasa. Ta buɗe banɗakin ta tarar da hayaƙi yana zirarowa ta ragar siriri-siriri kamar zare. Ta taka bokiti ta toshe da jiƙaƙƙen zani, ta ja ƙofar, ita ma ta toshe ƙasanta.

Ta dawo ta tarar Inna ta lallaɓa ta bar wa Ciyaman babbar kujera, tana ba shi haƙurin babu ruwan sanyi saboda firji. Silin ɗin falon ya yi duhu-duhu. Injiniya ta ce kowa ya koma uwar ɗaka, kuma a zauna a ƙasa, don iskar kirki a ƙasa ta rage. Inna ta ce ba za a shigar da baƙo uwar ɗaka ba, ba a gyara gado ba. Ciyaman ya ce shi a tsaye ma ya fi jin daɗi. Yana faɗa ya shaƙi na sama, tari ya turnuƙe shi, ya zauna da kansa ba tare da kwamiti ya zauna ba.

Uwar ɗakan tana kallon bayan gida, ba ɓangaren shagon ba. Ta rufe ƙofarta ta toshe, ta buɗe taga kaɗan, ta tabbatar abin da ke shigowa iska ce, ta rataya jan zani a waje. Sannan ta kira 'yan kwana-kwana. Wata mata ta ɗauka, ta ce motoci sun riga sun iso, ta tambayi hawa da lambar ƙofa da mutum nawa. Ta ce kada su fita, su toshe ƙofofi da jiƙaƙƙen tsumma, su zauna ƙasa kusa da taga. "Ai na sani" ya taho har bakin Injiniya, ta haɗiye shi, ya wuce da ƙyar. Ta gaya wa matar akwai mai asma.

Tana ajiye waya ta ji fiton. Siriri, daga inda Inna ta jingina da gado. Inna ta ja mayafi ta rufe baki tana ƙoƙarin danne shi, kafaɗunta na hawa da sauka. Maganin shaƙarta na kan firji. Injiniya ta cire tsumman ƙofa, ta ja numfashi ta riƙe, ta rarrafa falo. Hayaƙin ya sauko har kan keken ɗinki. Ta miƙa hannu sama cikin duhun tana lalube, ta ture kwalbar man shafawa, ta ture agogo, ta samo shi. Ta dawo ta mayar da tsumma ta miƙa wa Inna.

Inna ta karɓa ta riƙe a cinya. Ta yi wa 'yarta nuni da ido wajen Ciyaman. Ita ba za ta wangale baki tana zuƙar abu a gaban namiji baƙo ba.

"Inna, don Allah."

Inna ta girgiza kai. Leɓenta ya fara canza launi.

Injiniya ta juya. "Baba, juya ka kalli bango."

Ya buɗe baki zai ce wani abu game da kwamiti, sai ya dubi Inna da kyau. Ya juya a zaune, da tukunyarsa a cinya, ya fuskanci bango kamar ɗalibin da aka hukunta. Ba wanda ya sa shi, ya kama karanta wa bangon addu'a da ɗan ƙarfi, yadda ba zai ji komai ba. Inna ta fesa ta zuƙa. Ta sake. Injiniya ta jawo ta kusa da taga, ta zauna a bayanta ta tallafe ta, kunnenta a kan bayan Inna. Fiton bai tafi ba, amma ya daina ƙaruwa.

Haka suka zauna. Babu wanda ya duba agogo, dama yana falo a ƙasa. Daga waje ana jin ruri na injin ruwa da muryar wani a lasifika. Layin duhun da ke saman ɗakin ya sauko har kan hoton da ke bango, ya tsaya a nan yana shawara. Ciyaman ya gama addu'o'in da ya sani ya koma farko. Injiniya ta yi ƙoƙarin tuno ko akwai wani bidiyo kan abin da ake yi bayan wannan, ta tarar duk a nan suka ƙare mata. Sai ta ci gaba da shafa bayan Inna, wanda ba a waya ta koya ba.

Da aka buga ƙofa Inna ce ta fara cewa a shigo, da abin da ya rage mata na murya. Mutum biyu ne da manyan kaya da abin rufe fuska. Suka sa wa Inna abin shaƙar iska, suka ce an kashe wutar tun ɗazu, ko hawa na ɗaya ba ta kai ba. Hayaƙi ne ya cika benen har sama, sun fitar da mutum biyu daga hawa na goma zuwa asibiti, amma da ransu kuma suna magana. Babbansu ya cire abin fuskarsa, ya zaro wata kitsattsiyar igiya shuɗiya daga aljihu, ya ce shi dai yana son ya ga wanda ya bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure, don wuƙa suka sa.

Ciyaman ya sami wani abu mai muhimmanci a jikin tukunyarsa yana karantawa. Injiniya ta fara nazarin farcen ƙafarta. Inna ce ta ɗaga abin shaƙar daga bakinta.

"'Yata ce. Ba wanda ya koya mata."

Mutumin ya ce ya ga alama. Ya dubi ƙofar, ya dubi ƙyallayen da aka cusa har ramin makulli, ya leƙa banɗaki ya dawo. Ya tambaya wannan fa, aikin wa? Injiniya ta ce nata ne. Ya ce to ta riƙe wannan sana'ar, ta bar waccan.

A kujera suka sauko da Inna, mutum biyu na ɗauke da ita, ta matakalar da ba ta taɓa gani ba. Bango duk ya yi baƙi, ruwa na bin ƙafa. Tana ta kalle-kalle kamar an kai ta wani gari. Injiniya na biye da takalman Inna a hannu, a kowane hawa tana kawar da kai daga guntun igiyar da ke lilo a jikin ƙarfe.

A titi aka zaunar da Inna a bayan motar asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta sa mata abin awo a ƙirji ta saurara, ta ce ta ja numfashi. Inna ta ja, dogo, har ƙasa, babu fito. Injiniya ta dafa ƙofar motar. Ta matsa kusa don ta ga Inna na son magana, ta ɗauka ruwa za ta nema.

"Je ki ba Ciyaman haƙuri. Kin ja masa riga."

Ta je. Yana tsaye a gefen titi ba hula, mutane sun kewaye shi yana ba su labarin yadda kwamiti ya shawo kan lamarin a hawa na tara. Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ta ce Baba ya yi haƙuri, ta yi rashin kunya. Ya dube ta daga sama, ya gyara hannun rigar da ta ja, ya ce ba komai, amma za a tattauna a zama na gaba. Ya ƙara da cewa, a hankali yadda sauran ba za su ji ba, ta gaishe masa da Inna.

Ta koma wajen motar ta zauna a kan matakinta. Inna ta tambaya ko ya haƙura, ta ce ya haƙura. Inna ta ce to madalla, sannan ta miƙa ƙafa a sa mata takalmi.